Darasi na Bakwai: Irin Wake Mai Harafin T

A wannan darasi za mu karanta labarin wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T da ake ta muhawara a kansa, mu yi lissafin kuɗin feshi, mu kuma koyi karanta takardar da ke jikin ledar iri. Malami ya fara karantawa da ƙarfi, ɗalibai su bi shi a hankali.

Karatu

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san wannan ɓacin ran. Gona ta yi kore shar, fure ya fito, mai gona ya fara ƙirga buhuna a zuci. Bayan 'yan kwanaki sai fure ya kama zuba, kwanson da ya tsira kuma ga huji, ga kashin tsutsa a bakin hujin. Malaman gona suna kiran wannan tsutsa maruka. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare yake yin ƙwai a jikin fure. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe sai tsutsar ta shige cikin fure ko kwanso ta ɓuya. Abin da ya sa feshi ke wuyar kashe ta ke nan: magani yana waje, ita tana ciki. A shekarar da ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin 100 na abin da gona za ta bayar, kuma manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 kafin ya ga girbi.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Duk da haka abin da ake nomawa ba ya isa, shi ya sa motocin wake daga Nijar ba sa yankewa a kasuwar Dawanau. Ƙosai, alale, ɗanwake, garau-garau, ga harawa ta dabbobi: idan wake ya yi tsada, kowane gida sai ya ji a jikinsa.

Masana sun duba dubban nau'o'in wake suna neman wanda maruka ba ta iya ci, ba su samu ba. Sai suka koma ga wata ƙwayar halitta da ke zaune a cikin ƙasa, ana kiranta Bt. Tana fitar da wani sinadari wanda idan tsutsa ta ci shi, cikinta yake lalacewa ta daina cin abinci ta mutu. An daɗe ana sarrafa shi a matsayin maganin feshi. Sabon abin shi ne, an ɗauko ɗan ɓangaren halittar da ke yin sinadarin an sa shi a cikin irin wake, ta yadda shukar da kanta take yin maganin. Amfanin gona da aka yi wa irin wannan aiki shi ake kira GMO a rediyo da jaridu.

A Samaru aka yi aikin gwaji da inganta irin, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da AATF, gidauniyar bunƙasa fasahar noma a Afirka. An fara gwaji a killataccen fili a 2009. Hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don tantance irin waɗannan abubuwa, ta amince da shi a watan Janairun 2019. A Disambar wannan shekara aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, sannan aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a watan Yunin 2021. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta saki irin wannan wake. Ghana ta biyo baya da nata mai suna Songotra-T a 2024.

A nan ne nake so ɗalibai su tsaya su fahimta sosai. Maruka kaɗai wannan iri yake kashewa. Darɓa tana nan. Ƙananan ƙwarin da ke shiga fure suna nan, haka masu tsotsar kwanso. Saboda su ne aka ce a yi feshi sau 2, ba a ce a jingine famfon feshi gaba ɗaya ba. Wanda ya ji ana cewa "ba ya buƙatar magani" ya naɗe hannu, zai yi asara, sannan ya ce iri ne ya cuce shi. Haka kuma bayan girbi, ƙwaron da ke huda wake a rumbu bai san da zaman harafin T ba. Maganinsa a busar da wake sosai, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure tam. Don Allah a daina zuba fiya-fiya a cikin abin da 'ya'yanmu za su ci. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

Akwai masara ma mai harafin T. A Janairun 2024 aka saki nau'i huɗu na masarar TELA, wato SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T, don su jure fari da tsutsar nan mai cinye zuciyar masara da ta ɓulla a 2016.

Hira

Ɗalibai biyu su karanta, ɗaya dattijo, ɗaya malamar gona.

Dattijo: 'Yata, wani saƙon murya aka turo wa yarona a WhatsApp, wai wannan wake yana hana haihuwa.

Malama: Baba, mai muryar ya faɗi sunansa? Ya faɗi asibitin da aka gano haka?

Dattijo: A'a, ya dai ce a tura wa mutum goma.

Malama: To ka gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abincin GMO da aka tantance aka amince da shi, ba a ga ya jawo wa mutane wata cuta ba.

Dattijo: An kuma ce idan na ajiye shi ba zai sake tsirowa ba.

Malama: Waken zai tsiro, Baba, kuma za ka iya ɗebe iri a cikinsa, in dai ba ka bari ya gauraya da wani ba. Masarar TELA ce daban. Ita 'yar aure ce, wato iri biyu aka haɗa aka samar da ita, kamar sauran masara 'yar aure da ka sani. Idan ka maimaita ta, yabanya ba za ta yi kai ɗaya ba, amfani zai ragu. Ita kowace shekara sabo ake saya.

Dattijo: Ashe dai akwai magana.

Malama: Akwai, ranka ya daɗe. Shi ya sa ake lissafi kafin a saya.

Masu ja da masu goyon baya

Dattijon nan bai yi laifi da ya tambaya ba. A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin irin GMO har sai an yi bincike. Ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF, wadda Nnimmo Bassey yake jagoranta, ta daɗe tana adawa da su. Cikin hujjojinsu akwai biyu da nake ganin sun cancanci a saurara. Ta farko, wa zai riƙe irin da ƙasa take ci? Idan manoma suka watsar da irin kakanninsu suka koma sayen na kamfani, ranar da ya yi tsada ko ya yanke, ina za su nufa? Ta biyu, mai saye ba ya sanin abin da ya saya, domin a kwano ake auna wake, babu takarda. Sukan kuma tuna da Burkina Faso, wadda ta bar audugar Bt a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa.

Masu goyon baya kuwa suna nuna yaron da yake goya famfon feshi sau 8, ba safar hannu ba takunkumi, yana shaƙar guba. Suna kuma tuna cewa a Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. A sassan Zamfara da Katsina 'yan bindiga sun hana zuwa gonakin nesa, wasu wuraren sai an biya su kafin a yi shuka ko girbi. Iri ba ya maganin ɗan bindiga, wannan aikin hukuma ne. Amma wanda ɗan fegin bayan gari kaɗai ya rage masa, yana buƙatar kowane kwanso ya tsira.

Shawarata ita ce kada ka zubar da irin gidanku, kada kuma ka ƙi sabo don jita-jita. Ware kunyoyi kaɗan ka shuka mai T, ka shuka naka a gefe, rana ɗaya, taki ɗaya. Barin na gargajiya a kusa yana da wani amfanin ma: yana jinkirta ranar da tsutsa za ta saba da sinadarin.

Karanta leda kafin ka biya

'Yan damfara suna rina hatsi su ƙulla a leda su ce iri ne. Saboda haka a duba sunan iri harafi-harafi, da sunan kamfanin da ya shirya shi, da shekarar da aka shirya shi, da tambarin NASC, hukumar kula da ingancin iri. A kan wasu ledojin akwai wurin kankarewa irin na katin waya. A kankare, a tura lambobin ta saƙon tes zuwa lambar da aka rubuta a wurin, amsa za ta zo ko na gaske ne. A karɓi rasit a adana shi har bayan girbi.

Aiki

1. Rubuta waɗannan a littafinka sau uku: SAMPEA 20-T, NBMA, NASC.

2. A ce feshi ɗaya, da kuɗin magani da ladan mai feshi, naira 6,000 ne. Nawa za a kashe a feshi 8? Nawa a feshi 2? Idan irin mai T ya fi naka tsada da naira 5,000, nawa ya rage maka a cikin rarar?

3. Faɗi ƙwari biyu da wannan iri ba ya kashewa.

4. Mako mai zuwa kowa ya zo da tsohuwar ledar iri ko ta taki daga gida, za mu karanta abin da ke jikinta tare a aji.