Kurakuran da ƴan uwanmu ke tafkawa wajen shiga cikin ɗalibai baƙar fata a jami'o'in Amurka

Wanda aka fi yi, kuma wallahi shi ya fi cutarwa, shine mutum ya sauka Amurka karatu ya nemo ƴan Najeriya huɗu ko biyar ya maƙale musu, tare ake cin abinci tare ake zuwa laburare tare ake gulmar sanyi, har ya gama digiri bai taɓa leƙa taron Black Student Union (BSU), wato ƙungiyar ɗalibai baƙar fata, ba ko sau ɗaya. In ka tambaye shi sai yace ai wannan ta baƙaƙen Amurka ce, ni kuwa ɗan Afirka ne. To malam, ɗan sandan da zai tsayar da kai a hanya ko mai gidan hayan da zai ƙare maka kallo ba ruwansa da kai ɗan Katsina ne ko ɗan Atlanta. Gyaran mai sauƙi ne, satin farko da ƙungiyoyi ke kafa tebura a filin makaranta ka je ka rubuta sunanka a BSU ɗin, ka rubuta a African Students Association in akwai, babu wanda yace sai ɗaya zaka zaɓa.

Na biyu kuma shiga da raini. Wasunmu tun daga gida suke tafiya da abin da suka gani a finafinai, wai baƙaƙen can malalata ne, basa son karatu, sai ka ji mutum a zaune cikinsu yana cewa ku manta da zancen bauta mana ai ya wuce. Haba. Ƙungiyar da kake zaune a ciki ɗin ba kyauta aka basu ba fa. BSU ta farko a jami'ar San Francisco State aka kafa ta a 1966, a 1968 kuma ɗaliban suka shiga yajin aiki na kusan wata biyar, suka sha kulki da kamu, sannan aka yarda aka buɗe sashen nazarin tarihin baƙar fata. Kai da ka zo jiya da biza ka tarar da tabarma a shimfiɗe, abin da ya kamace ka shine ka kasa kunne tukunna, ka yi tambaya, kuma kalmar nan akata da wasu ƴan Najeriya ke kiransu da ita ka cire ta daga bakinka, da yawansu sun santa kuma zagi suke ɗaukarta.

Akwai wani da ke jawo kunya nan take. Ƙungiyoyin zumuncin ɗalibai baƙar fata guda tara masu suna da haruffan Girka, irinsu Alpha Phi Alpha da aka kafa a jami'ar Cornell a 1906 da Delta Sigma Theta ta mata a jami'ar Howard a 1913, kowacce da kalarta da alamar hannunta da kirarinta. Zaka gansu a biki sun jera layi suna takun rawa iri ɗaya, abin gwanin sha'awa, sai namu ya ɗauka rawar kowa ce ya faɗa tsakiyar layin ko ya ɗaga yatsu irin nasu a hoto. Kar ka soma, na ƴan ƙungiya ne kaɗai. In kana so da gaske akwai taron da suke yi na masu sha'awar shiga, kuma ɗan Afirka ba baƙo bane a wurin, Nkrumah da Azikiwe da sukayi karatu a jami'ar Lincoln duk ƴan Phi Beta Sigma ne, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin taran.

Sai masu gudu saboda addini, suce ai duk fati ne da giya. Eh akwai fatin, ba wanda zai ja ka dole. Amma akwai daren karatu kafin jarabawa, akwai laccoci musamman a Fabrairu da ake watan tarihin baƙar fata, akwai haɗa sabon ɗalibi da wanda ya riga shi. In injiniyanci kake yi NSBE, ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata, tana nan tun 1975 kuma kamfanoni na zuwa babban taronta ɗaukar ma'aikata da masu koyon aiki. Ka faɗa musu baka cin alade baka shan giya, ba sabon abu bane a wurinsu, Musulmi baƙaƙen Amurka suna da yawa, wata ƙila ma wanda ke kusa da kai a sahun Juma'a na MSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, shine sakataren BSU ɗin.

Wasu kuma ranar dafa-duka kaɗai ake ganinsu, su cika faranti su ɓace. Ana lura fa. Ka zo da wuri ka jera kujeru, ka karɓi ɗan aiki a kwamiti ko da raba takardun sanarwa ne, amma kar ka kwashi muƙami uku a zangon farko makinka ya zube, domin bizar ɗalibai ta F-1 sai kana cikakken ɗalibi take aiki. Haka ma zanga-zanga, kafin ka fita ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka ji matsayinka, abokinka mai fasfon Amurka in aka kama shi beli ne ya koma aji, kai kuwa bizarka ce zata iya tafiya.