Yadda Mai Buga Golf a Ƙafa Zai Tantance Kuɗaɗen Kulob a Legas

Duk wanda yake shirin shiga kulob ɗin golf mai zaman kansa a Legas, ko Ikoyi Club da aka kafa a 1938, ko na Ikeja, ko filin Lakowe da ke hanyar Epe, kuma niyyarsa ya riƙa zagaya filin da ƙafarsa maimakon hawa 'yar motar fili, ya kamata ya fara karɓar rubutacciyar takardar kuɗaɗe daga ofishin sakatare tun kafin ya nemi mamban da zai gabatar da shi. Abin da aka faɗa da baki a wurin shan shayi ba ya zama hujja ranar da takardar biya ta iso.

Idan takardar ta zo hannu, a raba kuɗaɗen gida biyu. Kashi na farko shi ne wanda ya hau kan kowa: kuɗin shiga da ake biya sau ɗaya, kuɗin shekara, da karo-karon da ake ɗorawa idan babban aiki ya taso. A nan mai tafiya a ƙafa ba shi da ta cewa, domin yankan ciyawa, ban ruwa da rani, man dizal na janareta da albashin ma'aikata ba su san wanda ya hau mota da wanda ya taka sayyada ba. Kashi na biyu kuwa shi ne wanda ya danganci amfani, kamar hayar motar fili, cajin batirinta da gyaranta. Wannan ne wurin sa ido, saboda akwai kulob ɗin da yakan cusa irin wannan kuɗi cikin na shekara, sai mai tafiya ya wayi gari yana biyan kuɗin motar da bai taɓa zama a cikinta ba. Wasu kulob-kulob a ƙasashen waje ma suna cajin mai tafiya kuɗi na musamman don cike giɓin hayar da bai yi ba, don haka a tambaya kai tsaye ko akwai irinsa, kuma ko harajin VAT yana cikin adadin da aka rubuta.

Sai batun kadi, wato mai ɗaukar jaka, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi a lissafi. Cikakken zagaye na ramuka 18 tafiya ce ta wajen kilomita 8 zuwa 10 cikin kimanin sa'o'i 4, da jaka mai sanduna har 14, a zafin Legas mai gumin da ke jiƙa riga tun kafin a bar rami na uku. Wanda yake buga wasa sau biyu a mako zai yi zagaye sama da 100 a shekara, kuma kowane zagaye da kuɗin kadi, da ihsani, da ruwan sha. A ninka, a ajiye kusa da kuɗin hayar mota. Sau da yawa ratar ba ta kai yadda ake zato ba. A ganina ihsanin kadi ba wurin tsimi ba ne, tunda shi ne yake kutsawa cikin ciyawa neman ƙwallon da ta ɓace.

Bayan an zama mamba, a riƙa halartar babban taron shekara, a karanta rahoton mai binciken kuɗi kafin ranar. A duba ko kuɗin hayar motocin yana ɗaukar nauyinsu, ko kuwa daga asusun kowa da kowa ake sayen sababbin batura. Idan akwai ƙorafi, a rubuta wa ma'aji cikin ladabi, a nemi wasu masu tafiya a ƙafa su sa hannu, sannan a gabatar da shi cikin wa'adin da kundin kulob ya tanada, tare da rasit na duk abin da aka biya a shekarar.