Yadda za ka nemi gudummawa gwargwadon halin da gida yake ciki

Shekarun da na yi ina tara wa wata ƙungiyar kula da marayu gudummawa sun nuna mini cewa saƙo ɗaya ba ya yi wa kowa. Na taɓa tura wa duk masu taimakonmu roƙon kuɗi mai tsoka a dunƙule. Wani matashi ya kira ni ya ce kuɗi ba shi da su, amma ranar hutunsa tamu ce. Wata dattijuwa kuma ta ce lissafinmu na bara take son gani kafin ta ba da komai.

Fara da daina raba mutane da shekarun haihuwa kaɗai. 'Yan shekara 40 su biyu, ɗaya da yara uku ƙanana, ɗaya bai yi aure ba, aljihunsu ba ɗaya ba ne. Tun a 1966 William Wells da George Gubar suka tsara wa masu tallan kaya matakan rayuwar iyali: matashi marar aure, sababbin ma'aurata, gida cike da yara, gidan da yara suka kama gabansu, sai wanda abokin zamansa ya rasu. Ka ƙara tambaya biyu a fom ɗin rajista, mai so ya amsa: akwai yara a gida? An yi ritaya?

Matashi ka nemi lokacinsa da ɗan abin da banki zai riƙa cirewa duk wata. Ka ba shi saƙon da zai tura wa abokansa ta waya. Ta kafafen sada zumunta ranar bayarwa ta Giving Tuesday, wadda aka fara a Amurka a 2012, ta bazu.

Gida mai ƙananan yara shi ne inda na ga ƙungiyoyi suna asarar mutanen kirki. Kuɗin makaranta, asibiti da haya sun cinye albashi, sai gudummawa ta tsaya, ƙungiya kuma ta goge sunansu. Kada ka yi haka. Niyyarsu tana nan, hali ne ya ƙaranta. Rage adadin da kake nema, gajarta saƙo, domin uwa mai goyo ba ta da sukunin karanta shafi uku. Ka gayyace su aikin da za su zo da yaransu, kamar tattara tufafi da littattafai. Iyaye suna son 'ya'yansu su ga alheri da idonsu.

Idan yara suka tashi, nauyi ya ragu alhali samu bai yanke ba. Masanin tattalin arziki Franco Modigliani ya bayyana tun shekarun 1950 cewa a tsakiyar rayuwa mutum yake tarawa, ya ci abin da ya tara bayan ya bar aiki. Iyayen da ke wannan mataki ka je ka same su da kanka, da takardun lissafi a hannu, ka faɗi ainihin aikin da kuɗinsu zai yi.

Tsofaffi kuwa, a yi taka-tsantsan. Kuɗin shigarsu ya ragu ko da suna da kadara, shi ya sa maganar wasiyya take tasowa. Binciken Russell James na Jami'ar Texas Tech ya nuna marasa 'ya'ya sun fi sanya ƙungiyoyin agaji a wasiyyarsu. Ka ambaci wannan hanya sau ɗaya cikin ladabi, ka ba su shawarar tuntuɓar iyalinsu da lauya, ka yi shiru. Matsa wa tsoho lamba zalunci ne a wurina.

Da zarar ka ji an yi wa gida rasuwa, ka gyara sunan da ke kan ambulan a ranar. Saƙonka na gaba ta'aziyya ce zalla, ba lambar asusu a ƙasanta.