Kafin ka kawo kadangare mai gemu gida, ka fara gyara masa haske da zafi

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya ga kadangaren nan ya burge shi, ya saya, sai bayan ya iso gida sannan ya fara tunanin inda zai ajiye shi. Ba haka ake yi ba. Akwati ake fara haɗawa, a kunna fitilu a bar su kwana biyu ana duba ma'aunin zafi, sannan a ɗauko dabba.

Shi wannan kadangare, Pogona vitticeps a sunan kimiyya, asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostareliya ne inda rana ke dukan ƙasa sosai, don haka duk abin da za ka yi masa kwaikwayon can ɗin ne. Yana kai santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya, kuma in ya samu kula yana iya wuce shekara 10, kaga ba abin wasan wata biyu ba ne.

Akwatin babba kada ya gaza santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi. Kar ƙanƙantarsa yanzu ta ruɗe ka, cikin shekara ɗaya zai cika wuri. Kuma shi kaɗai, don Allah kar ka haɗa biyu wai don kar ya yi kaɗaici, faɗa za su yi, babban ya danne ƙaramin ya hana shi abinci da wurin shan ɗumi, wani lokacin har ya gutsire masa yatsa ko wutsiya kuma irin nasu ba ta sake tohowa.

To ga inda maganar take. Jikinsa ba ya samar da zafin kansa, sai ya sha ɗumi yake iya narkar da abinci. A gefe ɗaya ka sa kwan fitila mai zafi a saman dutse ko reshe, wurin ya kai digiri 38 zuwa 42, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 27 saboda in ya gaji da zafi ya samu inda zai koma, da ɗan kogon ɓuya. Da dare a kashe komai, matuƙar ɗakin bai sauka ƙasa da digiri 18 ba. Dutsen nan mai ɗumi da ake jonawa a lantarki kuwa ka rabu da shi, ƙona musu ciki yake yi.

Sai fitilar UVB, wato mai fitar da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, doguwa ba ƙaramin ƙwai ba, awa 12 kullum. Da haskenta ne fatarsa ke haɗa bitamin D3 wanda in babu shi kalsiyam ba ya shiga ƙashi, sai ka ga muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu suna rawa, baya ya lanƙwashe, wallahi abin tausayi ne kuma rigakafinsa ya fi maganinsa sauƙi nesa ba kusa ba. Gilashi yana tare wannan hasken, ajiye akwati a bakin taga ba zai wadatar ba, sai ma ya dafa shi da zafi. Kuma fitilar tana iya ci gaba da haske alhali ƙarfinta ya tafi, ka canza ta duk wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinta.

Shimfiɗar ƙasa, ga ƙarami takarda ko tayil ya isa. Yashi yana haɗiye shi tare da abinci ya toshe masa hanji.

Abinci kuma ƙarami ƙwari ya fi ci, gyare da fara da kyankyason da ake kiwatawa don wannan, kar girman ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa, a barbaɗa musu garin kalsiyam kafin a ba shi. In ya girma sai abin ya juye, ganye ya fi yawa, irin ganyen mustad da ɗan kabewa da aka kankare. Avokado guba ne, haka ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guda ɗaya ma yana iya kashe shi. Ƙwarin da ka kamo a waje kuma ba ka san maganin feshin da suka taka ba.

Satin farko zai iya ƙin cin abinci, gemun ya yi baƙi ya kumbura, baƙunta ce, ka ƙyale shi ya saba. In za ka ɗauke shi ka sa hannu ta ƙarƙashin cikinsa, hannun da ya zo ta sama ɗauka yake shaho ne. Lokacin saɓa kar ka ja fatar, da kanta za ta fita. Ka wanke hannu da sabulu duk sanda ka taɓa shi saboda ƙwayar cutar salmonela mai jawo gudawa, musamman in da yara a gidan, sannan tun yanzu ka nemi likitan dabbobin da ya san masu rarrafe ka kai masa kashinsa a duba ko da tsutsar ciki.