Yadda namiji zai duba ƙirjinsa, da abin da zai tambaya idan ya ji ƙullutu

Aikina jinya ne a ɗakin tiyata na maza, kuma duk dattijon da aka gaya wa yana da sankarar mama, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne: "Ni da ba mace ba?" Sai in ce masa, Baba, namiji ma yana da mama. A bayan kan nonon kowane namiji akwai 'yan hanyoyin nono da ba su girma ba, kuma daga nan cutar ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu sankarar mama 100, wajen mutum 1 namiji ne. Yawanci ya haura shekara 60, ko da yake ana samun masu ƙarancin shekaru. Abin da ke damuna shi ne wannan mutum ɗayan yakan iso wurinmu a makare, bayan ƙullutun ya fashe ya zama gyambo, ya lulluɓe shi da tsumma a ƙarƙashin babbar riga, ko mai ɗakinsa ba ta gani ba.

Dubawar ba ta da wuya. Bayan wanka, ka tsaya gaban madubi ba riga, ka kalli kan nonon biyu. Ɗaya ya lotsa ciki? Fatar wurin ta tattare, ko tana ɓawo kamar ƙyasbi ta ƙi warkewa? Sai ka ɗaga hannun hagu bisa kai, ka sa tafin yatsu uku na dama ka danna a hankali kana zagayawa, daga kan nono har cikin hammata. Ka sake a ɗaya gefen. Ƙirjin namiji ba shi da nama da yawa, saboda haka ƙullutu ba ya ɓuya.

Abin da kake nema shi ne ƙullutu mai tauri, a gefe ɗaya, a ƙarƙashin kan nono ko dab da shi, wanda ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, su ce ai ba ya damuna. Jini ko ruwa daga kan nono, ko kaluluwa a hammata, su ma ba abin a jira ba ne. Akwai kumburin nono na maza da ba sankara ba, wanda ake gani wurin samari masu balaga da tsofaffi da masu ƙiba. Shi yakan yi laushi, yana ɗan zafi, sau da yawa a gefe biyu. Amma hannunka ba zai raba maka su ba, likita ne zai raba.

Ina roƙonka kada ka kai wa wanzami ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho. Wannan ba maruru ba ne, babu mugunyar da za ta fito, sai dai a buɗe ciwon da ba zai rufe ba. Kada kuma ka tsaya shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis wata da watanni.

A asibiti za a taɓa, a ɗauki hoto, sannan a sa allura a ciro ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji. Mutane na tsoron allurar, wai tana watsa cutar. Ba ta watsawa, kuma ba tare da ita ba duk magani lalube ne cikin duhu. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna yin wannan gwaji.

Idan sakamako ya fito, a nan nake so ka buɗe baki. Bai isa a ce maka "kansa ce" ba. Ka tambaya ko an gwada alamomi uku a jikin tsokar da aka ciro: ER, PR da HER2. Kuɗinsu daban ne, amma su ke nuna abin da ke ciyar da cutar. A maza, wajen 9 cikin 10 suna fitowa da ER, wato sinadarin estirojin ne ke ciyar da ita, wanda jikin namiji ma yana yinsa kaɗan. Wannan labari ne mai daɗi, domin akwai ƙwaya mai suna tamoxifen da ke toshe masa hanya. Masu HER2 ba su da yawa, kuma su akwai allurar trastuzumab, sai dai tana da tsada. Ka tambayi kuma matakin da cutar ta kai. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan ba ta wuce maman ba, wajen 95 cikin 100 suna kai shekara 5 bayan ganowa. Idan ta bazu zuwa ƙashi, huhu ko hanta, sai adadin ya sauko wajen 20. Cuta ɗaya ce, lokacin zuwa ne ya bambanta su.

Likita zai tambayi tarihinka, ka faɗa masa gaskiya: ciwon hanta da ya daɗe, ƙiba, hangum da ya taɓa sauka a maraina, duk suna ƙara haɗari. Mafi muhimmanci shi ne dangi. Mahaifiya, gwaggo ko 'yar'uwa da ta yi sankarar mama ko ta ƙwan mace na iya nuna lalacewar ƙwayar gado BRCA2. Namiji mai ita haɗarinsa ya kai kusan 7 cikin 100 a tsawon rayuwa, ga kuma sankarar prostate, ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Idan kana da ita, kowane ɗa ko 'ya da ka haifa, rabi da rabi ne ya gada. Don haka ɓoye wa 'ya'yanka mata cutar nan zalunci ne gare su.

Maganin yawanci tiyata ce a cire maman da kaluluwar hammata, wani a ƙara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ko gashi da na'urar haske. Daga nan sai tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum, shekara 5 zuwa 10. A nan maza da yawa ke zamewa, saboda tana kawo zufa da zafin jiki, tana kuma rage sha'awa, su kuma suna jin nauyin faɗa. Ka faɗa wa likita, akwai abin da za a yi, amma kada ka ajiye ta da kanka. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi maka wuya farat ɗaya, jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya. Ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati.