Ga 'yan uwa mazauna Tekzas da Arizona

Jama'a, in kun fita daji ko tsakar gida lokacin zafi, ku lura da maciji mai ƙararrawa a wutsiya. Dangin kasa ne da kububuwa, kansa faffaɗa, wuyansa siriri, wutsiyarsa guntuwa mai ƙwarya-ƙwarya. Akwai wani da ake kira gofa, ba shi da dafi, amma mayaudari ne: yakan baje kai, ya yi huci, ya kaɗa wutsiya cikin busasshen ganye har ka rantse mai ƙararrawar ne. Tasa wutsiyar tsini gare ta.

Kada ku dogara da sauti kawai, wutsiyar jaririn mai dafin ba ta yin ƙara tukuna. Ku ja baya. In ya yi sara, ban da tsaga ko ɗaure wurin, a kira 911.