In an kira ka raba rigimar kuɗin ƙwadago, ga yadda za ka bi

Irin wannan rigima ta daɗe a ƙasar Sakkwato. Turawa sun ci garin a 1903, dokarsu ta ce duk ɗan da anka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma bauta ba ta mutu a doka gaba ɗaya ba sai 1936. Tsakanin nan bawa shina biyan murgu don a bar shi ya yi aikin kansa, ya tara kuɗin fansa, in an saɓa a tafi gaban alƙali. Har Amurka ma a 1865 sai da sunka kafa hukumar da ke duba yarjejeniyar aiki tsakanin 'yantattun bayi da masu gonaki.

To yau in mai gona da ɗan ƙwadago sunka zo maka, ko a fadamar Wurno ne ko Goronyo, fara toshe maganar asali. Da ka ji mai gona ya ce "ai kakanshi a gidanmu ya tashi" ka tsayar da shi nan take, Alhaji aiki munka zo lissafi ba tarihi ba, don wallahi da wannan kalma ake cinye gumin 'yan ƙwadago, yaron ya ji kunya ya yi shiru ya tafi gida hannu banza.

Sannan ka tambaya, jinga anka yi ko kuɗin yini? Nawa anka yanke, wa ke wurin? Abinci cikin kuɗin yake ko daban? Kowa ya faɗi nashi ba katsewa. In jinga ce ku taka har gonar a ga inda aiki ya tsaya, kar ka yanke daga zaure.

In ba a yanke farashi ba tun farko, malamai na cewa a ba shi ladan kwatankwacin aikin, wato abin da ake biyan irinshi a garin a wannan lokacin, sai ka tambayi manoma biyu ko uku da ba ruwansu. Shaida na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa.

Abin da anka daidaita a biya a wurin, ko a tura ta waya kowa ya ga alat. In sai an sayar da albasa, a rubuta rana da adadi gaban shaidu biyu. Wanda ya ƙi, sai wurin mai unguwa, daga nan hakimi, in ta ƙi ci sai kotun shari'a.